Jan Birona da Ɗan Hodi

Juma'a, 3 ga Yuni, 1988

An sake dawo masa da furojet ɗinsa, rubutun binciken gama kwaleji. Karo na biyu ke nan. Ba shi ya faɗa mini ba, ina zai faɗa mini? Kalilu ne, ɗaya daga cikin 'yan kwalejin da nake duba wa rubutu da yamma, ya saki maganar yana gyara zama a tabarma, bai ma san inda ta faɗa ba. Wai an ba su zuwa Juma'ar ƙarshe ta watan gobe. Wanda aka mayar wa sau uku kwaleji ta sallame shi, babu difloma, ya koma inda ya fito.

Na ce, "Allah ya kyauta," na ci gaba da jan layi a takardar Kalilu har na huda ta.

Ɗan Hodi nake nufi. Ko a nan, inda ba mai karantawa sai ni, hannuna ba ya iya rubuta sunansa. Ni na haife shi, shi ne na fari. Ana yaye shi Hodi, yayar mijina Malam, ta zo daga Argungu ta goya shi ta tafi, yadda aka yi wa uwata da nata ɗan farin. Ban yi kuka gaban kowa ba, aka yi ta yabona, wai boko bai cire mini kunya ba. Tun ranar ban kira sunansa ba, ban dubi tsakar idonsa ba, ban taɓa ce masa zo ko tafi ba. Yau ga shi da gemu.

Asabar, 4 ga Yuni

Abin dariya, in da da mai taya ni. Rabin 'yan kwalejin nan a barandata suka koyi haɗa sakin layi. Na tashi daga makarantar 'yan mata, in yi salla, in ci abinci a tsaye, su kuma sun cika tabarma. Ba na rubuta wa kowa ko jimla ɗaya. Kai za ka karanta da bakinka, da ƙarfi, ni kuma in tare ka: "Wa ya faɗa?" "To, sai me?" Har suna suka sa mini, Malama Sai-me, suna zaton ban sani ba. 'Ya'yan mutane daga Jega, daga Yawuri, daga Zuru, duk na ja musu kunne sun wuce.

Nawa kuma yana nutsewa a bayan katangata.

Juma'a, 10 ga Yuni

Ya zo gaisuwar Juma'a. Kamar kullum, ya tsaya daga zaure ya yi sallama, ya durƙusa, na amsa daga ɗaki ta bayan labule. Na ce wa Fatu, autata, "A kai wa baƙo ruwa." Baƙo!

Da ya tafi na ce wa Malam ya karɓo furojet ɗin, ya ce shi ne yake son gani. Malam ya dube ni ya ce, "Ni? Ni da rabona da karanta abin da ya wuce takardar taki tun zamanin Gwamnan Arewa?" Na ce ya dai karɓo.

Lahadi, 12 ga Yuni

Na karanta. Na rufe ƙofa bayan azahar na ce kaina ke ciwo.

Batunsa mai kyau ne: yadda masuntan Argungu da ƙaramar hukuma suke ja-in-ja kan wuraren kamun kifi, wa ke da ikon buɗe ruwa, wa ke da ikon rufewa. A can ya girma, a ƙaramar hukumar yake aiki, su suka turo shi karatun. Amma wayyo! Ya kwaso Turancin littattafai ya jibge, kalma sai ka ce buhun albasa, ba ka ɗaga ta sai da mataimaki. Shafi bayan shafi ba ka san wa ke magana ba. Malamin da ya mayar masa bai zalunce shi ba, ko ni ce sai na mayar.

Sai can a babi na huɗu, shafi ɗaya da rabi, inda ya ba da labarin wata rana da masunta suka taru bakin gulbi suka ƙi shiga ruwa. Nan ya manta yana rubuta furojet. Nan na ji shi. Na karanta wurin na sake karantawa.

Rubutun hannunsa irin na babana ne sak, yana kwantawa dama. Ban taɓa sani ba. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa wa takarda.

Laraba, 15 ga Yuni

Na zaunar da Malam na yi masa bayani dalla-dalla, ya je hostal ya isar. Da ya dawo na ce me ya faɗa masa. Ya ce, "Na ce mai, an ce ka rage Turanci."

Shi ke nan. Duk bayanina ya koma "ka rage Turanci." Na ce, "Malam, don Allah, haka na ce?" Ya ce shi fa ruwa ya sauka, shinkafarsa na jiransa a Zauro, kada in mayar da shi masinja da tsufansa.

Alhamis, 16 ga Yuni

Na bi shafukan da jan biro, na cika gefe da tambayoyi. Malam zai kai. Ai takarda ba baki ba ce, ba wanda zai ce na yi magana da shi.

Laraba, 22 ga Yuni

Innalillahi. Ɗan Hodi ya dawo da gyaran.

Inda na rubuta a gefe cewa wannan magana tana bukatar shaida, sai ya ɗauki jimlata sukutum ya dasa a cikin sakin layin, ya ci gaba. Inda na ja layi na sa alamar tambaya, ya goge wurin gaba ɗaya, har da shafi ɗaya da rabin nan, don na yi tambayoyi da yawa a kansa. Ni kuwa don ya fi ko'ina rai ne na yi masa yawan tambaya.

Na gane abin. Duk abin da ya fito daga hannuna, a wurinsa ba tambaya ba ce, umarni ne. Ba zai yi gardama da ni ba ko a takarda. Aikina kuwa gardama ce. Wanda ba zai ce mini "a'a" ba, ban san yadda zan koya masa rubutu ba.

Asabar, 25 ga Yuni

Na yi wata dabara, Allah ya sa ta fisshe ni. Na sa Kalilu ya riƙa janyo shi in zai zo, wai ya raka shi. Zai zauna can ƙarshen baranda wajen randa, ni kuma in yi darasina da sauran, kunnensa ya ɗauka. Haka iyayenmu suke yi, a yi wa ƙofa faɗa don na ɗaki ya ji.

Talata, 28 ga Yuni

Ya zo. Ya zauna wajen randa ya ba mu gefe, yana wasa da silifas ɗinsa.

Asiya ce ke karatu. Yarinyar kirki, ga goyo a baya, tana rubutu kan matan unguwar Badariya da ke turara shinkafa su sayar. Aikinta ya fi na kowa tsabta. Tana cikin karanta babinta na uku na ɗaga murya.

"Ke! Wannan duk maganar littafi ce. Ina abin da kika gani da idonki? Kin kwaso manyan kalmomi kin ɓuya a bayansu. In ba za ki faɗi abin da kika sani ba, tashi ki ba ni wuri!"

Ko kalma ɗaya ba ta shafi takardarta ba. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "To, Malama." Na saci kallon wajen randa. Ya daina wasa da silifas. Na ce a raina magana ta shiga.

Alhamis, 30 ga Yuni

Na ƙara yi, wannan karon kan yadda ake kawo shaidar wanda aka yi hira da shi. Asiya ta sha faɗa har jaririnta ya farka.

Talata, 5 ga Yuli

Asiya ba ta zo ba. Shi ya zo.

Alhamis, 7 ga Yuli

Tir da ni.

Asiya ta shigo da rana tsaka, ko zama ba ta yi ba. Ashe ta koma gida ta rushe babin nan gaba ɗaya, ta sake shi, tana neman laifin da babu. Ta cire duk abin da ta ɗauko daga littattafai, wanda dama daidai gwargwado ne, ta kai wa malaminta, ya watso mata, ya ce me ya same ta, da can ai ta kusa gamawa. Na ce ta kawo tsohon. Ta ce ta hura wuta da shi, don takaici.

Na kama hannunta na ja ta ɗaki na faɗa mata gaskiya. Na ce ba da ita nake ba. Ta gyara goyonta, sannan ta ce, "Malama, da kin gaya man, ai da na zauna kin zage ni har magariba, ban taɓa takardata ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

Za mu sake gina babin tare, tana da littafin da ta rubuta hirarrakinta. Amma ranar rufewa ɗaya ce da tasa. Yanzu mutum biyu na rataya.

Juma'a, 8 ga Yuli

Na rasa inda zan sa kaina. In na zaunar da shi gabana, na zubar da abin da aka san ni da shi tun ina amarya, kuma na shiga gonar Hodi. In na bar shi, a kore shi ina ji ina gani, da jan biro a hannuna. Na faɗa wa Malam, ya ce, "Ni dai ba ni cikin maganar mata. Ɗan Hodi na, ki tambayi Hodi."

Gobe Argungu.

Asabar, 9 ga Yuli

Motar ta tsaya a hanya, ruwa ya cinye wani kwalbati, sai da muka sauka aka tura. Na iske Hodi a bayan gida tana bandar kifi, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta tsufa fiye da yadda nake tunawa. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na rasa ta inda zan fara. Ita ta taimake ni.

"Ba Salla ba, ba suna ba, ba mutuwa ba. Mi ya kawo ki?"

Na faɗa mata. Ashe ba ta ma san an mayar masa ba, ya ɓoye mata. Ta juya kifin da ke kan waya, ta daɗe tana juyawa.

Ta ce, "Ni ban san boko ba. Abin da ni sani, sadda ƙyanda tak kama shi, a bayana ya kwana har ya warke. Ke kina da huɗu bayan shi. Ni shi ɗai gare ni."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ba ki sani ba. Kullum yaz zo hutu, in an ambace ki sai shi miƙe zaune. Ina gani." Sai ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne. "Ki koya mai. Kar a kore shi. Amma takarda ɗai, kin ji? Kar ki karɓe man shi."

Na ce takarda kawai. Na rantse mata, ba ta ma nemi rantsuwa ba. Ta ƙunsa mini kifi a takardar siminti, ta raka ni har bakin titi.

A mota na yi ta juya maganar nan ta miƙewa zaune. Ban san ko daɗi ta yi mini ko ciwo ba.

Litinin, 11 ga Yuli

Malam ya isar da saƙo, wannan karon bai rage komai ba. Ɗan Hodi ya zo bayan la'asar, shi kaɗai.

Na shimfiɗa tabarma biyu, da tazara. Bai hau tasa ba, ya tsuguna a gefenta kansa a ƙasa. Na dubi bango na ce, "Mai takarda ya zauna." Ya zauna. Na ce, "Mai takarda ya karanta." Ya fara, murya can ciki, sai ka ce mai roƙon gafara. Na tare shi: "Wa ya faɗa?" Ya ce, "To." Na ce, "Tambaya na yi." Ya ce, "To, za a gyara."

Haka muka yi har aka kira magariba. Ni ina yi wa bango magana, shi yana amsa wa tabarma.

Da zai tafi ya ce, "Na gode, Malama."

Kalmar farko da ya taɓa kirana da ita ke nan a duniya. Malama. To me nake so ya ce? Ni na zaɓa.

Laraba, 13 ga Yuli

To. To. To. Na ƙi jinin kalmar nan.

Alhamis, 14 ga Yuli

Gwaggo Tamba, ƙanwar uban Malam, ta faɗo gidan ba sallamar kirki, ta same mu. Ta tsaya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yau ni ga abin da ban taɓa gani ba. Uwa da ɗan fari gwiwa da gwiwa! Boko dai, boko dai." Ko gwiwa da gwiwa ba mu yi ba, akuya za ta iya wucewa tsakaninmu. Shi kuwa ya tattara takardunsa zai gudu.

Na ce, "Mai takarda ya zauna, ba a tashi ba." Na ce, "Gwaggo, sannu da zuwa, ga ɗaki." Ta ce a'a, ta ga abin da ta zo gani.

Kafin Salla duk dangi sun ji. Har yanzu ji nake kamar an kama ni da sata.

Asabar, 16 ga Yuli

Da safe Asiya, da yamma shi. Babin Asiya yana tashi, yarinyar tana da kai. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma yanzu in na ce wuri bai yi ba sai ta dube ni tukuna, ta tabbatar da ita nake.

Nasa kuwa yana nan inda yake. Kwana na tafiya.

Litinin, 18 ga Yuli

Yau an samu ƙofa.

Na kira Kalilu na zaunar da shi a tsakiya. Na ce a rufe takardu duka. Na ce, "Mai takarda ya ba Kalilu labarin ranar da masunta suka ƙi shiga ruwa. Da Hausa. Ni ba na nan."

Da farko yana ɗingishi. Kalilu, Allah ya yi masa albarka, ya ce, "Kai ɗan su, ƙarya kake, wa ya isa ya hana Bakabe shiga ruwa?" Sai ga shi ya ɗago. Ashe yana da murya! Ashe yana da hannu, yana nuni da shi! Ya ce hukuma ta aiko da sanarwa a buɗe wani gurbin ruwa ranar kaza don baƙi za su zo kallo, dattawan ruwa kuma suka ce lokaci bai yi ba, kifi bai gama ƙwai ba. Mutane suka zo da homar kamun kifi da gora suka jeru a bakin gaɓa, ba wanda ya sa ƙafa. Aka yi ta busa usur, suna tsaye.

Ina rubuta kanun abin da yake faɗa. Ina jefa tambaya ta kan Kalilu: "Tambaye shi wa ya kawo sanarwar." Kalilu ya tambaya. "Tambaye shi me dattawan suka ce da bakinsu." Can labari ya ɗauke ni, ban san sadda na juya ba.

"Kai kana ina lokacin?"

Ya ce, "Ni na kai sanarwar." Ni ya faɗa wa. Idonsa cikin nawa.

Kalilu ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Na mayar da ido kan takarda na ce, "To wannan shi ne furojet ɗin. A je a rubuto shi haka, da ƙaramin Turanci."

Idonsa irin na Fatu ne. A'a, na Fatu ne irin nasa.

Laraba, 20 ga Yuli

Ya kawo shafi tara. Akwai kurakurai kamar ƙasa, amma mutum ne ya rubuta. Na ji daɗi har na manta na sa gishiri a miya.

Juma'a, 22 ga Yuli

Mun yi faɗa!

Na ce a zubar da babi na biyu gaba ɗaya, tarkacen littattafai ne. Na ɗauka "to" na tafe. Sai na ji, "A'a, Malama." Ya ce malaminsu ba ya karɓar aikin da bai waiwayi abin da magabata suka rubuta ba, in an cire babin an kashe shi. A rage dai. Na ce ni zai koya wa aikina? Ya ce ba koyarwa ba ce, shi ya san malaminsu. Na ce to ya kare mini kowane sakin layi, wanda ya kasa karewa ya tafi. Ya kare shida, na yanka sauran. A kan ɗaya har ya buga cinyarsa.

Na shiga ɗaki ina huci, na zauna bakin gado, sai na ji ina dariya ni kaɗai. Malam ya leƙo ya ce lafiya? Na ce yaron nan taurin kai gare shi. Ya ce, "Ina ya samo shi, oho."

Lahadi, 24 ga Yuli

Salla. Ya tafi Argungu tun jiya, wurin innarsa, haka ya kamata. Ga babi na biyar ko fara shi ba a yi ba.

A gidan Gwaggo Tamba ana rabon nama mata suka yi ta yi da ni a fakaice. Wata ta ce ta ji yanzu a Birnin Kabi har hira ake da ɗan fari. Na sunkuyar da kai ina yanka albasa. Rabin zuciyata ma tana bayansu.

Talata, 26 ga Yuli

Ya dawo da babi na biyar a rubuce. Wai Hodi ce ta hana shi yawon Salla, ta kulle shi a ɗaki da fitila da tuwo. Allah ya saka mata.

Laraba, 27 ga Yuli

Mai tafireta na bakin kasuwa ya karɓi nasa da na Asiya. Layi ya yi tsawo, kowa sai yanzu ya tuna. Na je da kaina na tsaya a kansa.

Alhamis, 28 ga Yuli

An bugo. Ya kawo in yi dubawar ƙarshe kafin a ɗinke. Na bi shafi shafi, har na zo na farko-farkon nan da ban taɓa gani ba.

Sadaukarwa: ga mahaifiyarsa, Inna Hodi, wadda ta ɗauke shi a bayanta.

A shafin godiya, bayan malaminsa, bayan Malam, bayan Kalilu: da Malamar da ta duba wannan aiki.

Yana zaune yana jira. Na daɗe a kan shafin, na san ya lura. Babu abin gyarawa, gaskiya ya rubuta. Na ce, "Ya yi. A kai." Na miƙa masa ta kan tabarma.

Ya yi mini ciwo. Na ce wa Hodi takarda kawai, ga shi takardar ma tata ce.

Juma'a, 29 ga Yuli

Sun miƙa, shi da Asiya. Alhamdu lillahi.

Laraba, 10 ga Agusta

Yau suka tsaya gaban malamai. A aji na sa 'yan mata karatun shiru, na kasa koyar da komai.

Kalilu ne ya zo da labari, yana haki. Duk sun wuce. Wai wani malami ya so ya tsorata shi, ya ce wa ya faɗa masa masunta sun ƙi shiga ruwa, shi kuma ya ce, "Ina wurin, ni na kai sanarwar." Asiya kuma har an yaba nata. Ta aiko mini da shinkafa kwano biyu, ban san ko na cancance ta ba.

Na ce ina shi? Kalilu ya ce ai daga zauren jarrabawar ya wuce tasha, ya tafi Argungu.

Daidai ne. Na nanata wa kaina daidai ne.

Juma'a, 19 ga Agusta

Ya zo kwashe kayansa daga hostal, ya biyo gaisuwa. Daga zaure. Ya durƙusa, na amsa ta bayan labule. Ba wanda ya ce mu koma haka, mu muka koma. Babu takarda, babu dalili.

Na naɗe tabarma ta biyun na ɗora a kan kwaba.

Lahadi, 28 ga Agusta

Gwaggo Tamba ta zo, ta ce ta ji an gama, madalla, mutum ya koma mutuncinsa. Na ba ta goro.

Baranda ba kowa, kwaleji na hutu. Ruwa ake ta yi. Ban san gidan nan yana da shiru haka ba.

Asabar, 10 ga Satumba

Ina tsintar shinkafa da hantsi na ji sallama, ba daga zaure ba, daga bakin baranda. Ɗan Hodi ne. Ya koma aikinsa a Argungu, motar safe ya biyo. Da takarda a hannunsa, shafi biyu. Wai shugabansu ne ya ce ya rubuta rahoto kan kasuwar kifi, shi ne ya ce bari ya kawo a duba. Duk Argungu ba mai duba shafi biyu.

Ya sauko da tabarmar da kansa. Ya karanta da ƙarfi, ban tare shi ko sau ɗaya ba. Na karɓa na bi da biro, sama da ƙasa, na koma. Tsaf yake. Ko waƙafi ban samu ba.

Na ce, "Akwai gyara. Ka bar shi, ka dawo Asabar."

Ya ce to, ya tsaya ya ci abinci.

Takardar na nan ƙarƙashin matashina. Kafin Asabar zan samo abin gyarawa.